Ƙarfen Cinyar Alkasum

Duk shekara idan 'yan istaji masu koyon aiki suka shigo bulok, wato sashen da ake yi wa mutane aiki, babu mai son a tura shi ɗakin baya wurina. Kowa so yake ya tsaya kusa da likita, ya miƙa almakashi, ya ga jini, ya samu abin faɗi a gida. Ɗakin baya kuwa, a ganinsu, wankin kwanoni ne. Wata yarinya ta taɓa ce mini, "Baba Abdu, wanga aiki ai ko ƙanwata ta iya shi." Ban yi mata faɗa ba. Shekara ashirin da takwas na yi ina wannan wankin a wani gidan likita na Tawa. Yanzu da na aje aiki, bari in gaya muku abin da ke cikinsa.

Ni ɗan maƙera ne, daga wani ƙauye kusa da Tebaram. Mahaifina na ƙera hauya da lauje da gatari da linzami, ni kuma ina kan zugazugi tun kafin in yi kaciya. A gidanmu ƙarfe mai kyau shi ne mai ƙyalli. In wuƙa ta yi tsatsa, ka samu yashi da toka ka dirje ta har ka ga fuskarka a ciki. Na yi lakwal, wato boko, kaɗan, na zo Tawa neman abin yi, aka ɗauke ni shara da tura gadon marasa lafiya.

Wata irin matsa ce ta shigar da ni bulok, wadda likita ke riƙe ƙashi da ita. Gaɓarta ta cije, an jefa ta cikin kwandon kayan da suka mutu. Na ɗauka na duba, na ga ba karyewa ta yi ba, busasshen jini ne ya cika tsakanin haɗin. Na kwance ta, na wanke, na mayar. Shugabar ma'aikatan bulok ta gan ni. Sunanta Hadizatu, amma kowa Manjo yake ce mata. Gajeriya ce, ba ta ɗaga murya, kuma har likitoci shakkarta suke ji.

Ta ce, "Wa ya koya maka?"

Na ce, "Gidan ƙira anka haife ni, Manjo."

Ta ce, "To gobe ka aje tsintsiya ka zo nan. Amma rabin abin da ka sani ka baro shi ƙauye."

Akwatin da ta fara buɗe mini na ƙarafan da ake bari a jikin mutum ne. Akwai fulak, wato sillen ƙarfe mai huji-huji da ake shimfiɗawa a kan ƙashin da ya karye. Akwai bis, ƙusoshi masu murɗi da ke ɗaure fulak ɗin. Akwai dogayen sanduna da ake zurawa cikin ramin ɓargo. Ta ce in rufe ido in miƙa hannu biyu, ta aza mini fulak ɗaya a kowane tafi. Girmansu ɗaya, amma na dama ya kusan ninka na hagu nauyi. Ta ce mai nauyin inokis ne, ɗan'uwan wanda ake cokali da shi, sai dai ya fi shi tsabta nesa ba kusa ba. Marar nauyin kuma titan. Na buɗe ido na ga titan ɗin ba ya ƙyalli, launinsa toka-toka, bis ɗinsa kuwa wasu shuɗi, wasu kore, wasu kamar zinariya. A raina na ce fenti ne.

Daga nan ta jera mini dokoki. Ruwan zabel, wanda ake wanke daɓe da shi, kada ya taɓa waɗannan kaya. Soson ƙarfe kada ya shigo ɗakin. Bis na inokis ba ya hawa fulak na titan, na titan ba ya hawa na inokis. Fulak in an lanƙwasa shi ya bi siffar ƙashi, ba a miƙe shi a sake lanƙwasawa. Abin da ya kwana a jikin wani ba ya shiga jikin wani. Na ce, "Don mi, Manjo?" Ta ce, "Don na ce." Ba mugunta ba ce. Ita ma haka aka koya mata, kuma mutum huɗu ne ke jiran wuƙa a ranar.

Wankin kansa ga yadda yake. Ka ware duk abin da ke wareuwa. Ka jiƙa cikin sabulun da aka yi don wannan aiki, ba omo ba. Ka bi kowane huji da burushin roba mai laushi. Ka ɗauraye da tataccen ruwa, domin ruwan pampo na Tawa yana barin farin gishiri a kan ƙarfe in ya bushe. Ka tsane, ka ɗauki gilashin ƙara girma ka duba ɗaya bayan ɗaya, ko akwai tsagewa, ko murɗin bis ya cinye. Sannan ka jera a akwati, ka naɗe, ka saka a otokilab, tukunyar da ke dafa kaya da tururi. Wata rana bis ɗari biyu nake dubawa, a yi amfani da shida, sauran su dawo in sake bi da su.

Wani bis na titan ya taɓa karyewa a hannun likita kafin ya shiga jiki. Na roƙa aka ba ni guntun, na kai wa mahaifina da na je gida sallah. Ya juya shi, ya ɗanɗana da harshe, ya jefa cikin wuta. Ƙarfen ya yi ruwan ƙwai, ya yi shuɗi, ya yi ja, amma ya ƙi narkewa. Ya ciro shi ya sa magagari, magagarin ya riƙa zamewa yana cikewa. Tsoho ya aje ya ce, "Wanga ƙarfe ba ya jin magana. Wa za ya yarda a sa mashi shi cikin jiki?" Na ce masa ai shi jiki ya fi karɓa. Ya dube ni kawai, ya koma kan laujensa.

Masu zuwa mana yawancinsu 'yan kabu-kabu ne da fasinjojinsu, sai waɗanda dabba ta harba ko ta kayar, sai magina da suka faɗo. Da yawa sun fara zuwa wurin maɗori. Ban taɓa zagin maɗori ba, don na ga karayar da suka ɗora ta kama lafiya. Wadda ƙashi ya farfashe ko ya huda fata ita ce ke fin ƙarfinsu. Kuma tambayoyin mutane ba sa canzawa. Ƙarfen zai ja tsawa da damina? Zai yi sanyi da hunturu? Zai yi tsatsa in na sha ruwa da yawa? Wani dattijo ya ƙi yarda a taɓa shi sai da ɗansa ya je ya tambayo malami ko ya halatta a rufe mutum da ƙarfe a jiki. Malam ya ce magani ne, ba komai. Sannan ya kwanta.

Ina shekara ta tara a ɗakin baya muguwar shekarar ta zo. Kaya suka yanke. Sabulun wankin ya ƙare, aka rubuta takarda, ba a aiko ba. Injin tace ruwa ya mutu, abin gyaransa sai daga Yamai, can ma babu. Manjo kuma ciwon ƙafa ya kwantar da ita watanni a gida. Ɗakin ya zama nawa ni kaɗai. Na riƙa zuba ruwan pampo a otokilab, don in ban zuba ba aiki ya tsaya. Bayan 'yan makonni na buɗe akwatin fulak na inokis, guda goma sha ɗaya da suka rage mana, na ga sun yi tabo ruwan ƙasa-ƙasa, musamman a bakin hujin.

Ga abin da na yi, ba ragi. Na ce a raina ba zan miƙa wa likita ƙarfe mai tabo ba, ni ɗan maƙera. Na samo baho na zuba zabel, na jiƙa su tun safe har azahar. Na sayo soson ƙarfe a kasuwa na dirje su ɗaya bayan ɗaya. Suka fito suna ɗaukar ido, sun fi ranar da aka kawo su. Na san doka. Sai dai na ɗauka doka ce ta mutanen da ba su san ƙarfe ba, ni kuwa a cikinsa na tashi.

Mutum na biyu da aka sa wa ɗaya daga cikinsu shi ne Alkasum. Makiyayi ne daga arewacin Takanamat, dogo siriri, shekarunsa kamar arba'in, Tamashek ne harshensa, Hausarsa tsinta-tsinta. Yana shayar da dabbobi a rijiya, raƙumin da ke jan wasaki ya firgita, igiya ta naɗe masa ƙafa ta maka shi da itacen bakin rijiya. Ƙashin cinyar dama ya rabu biyu. Kwana biyu suka yi a hanya. Likitanmu na ƙashi, Dokta Sani, ya yi masa aiki mai kyau. Ni na miƙa akwatin. Har ya ɗaga fulak ɗin ya ce, "Abdu, kayanka kullum tsaf." Bayan mako uku Alkasum ya koma gida da sanduna.

Wata na huɗu aka dawo da shi kwance a bayan mota. Cinyar ta kumbura, wani ɗan rami ya buɗe a kan tabon ɗinkin yana zubar da mugunya. Ya ce yana tafiya a hankali bayan awaki ya ji ƙas. Aka ɗauki hoto, fulak ya karye a tsakiya, daidai kan huji, ƙashin kuma bai haɗe ba.

Da Dokta ya buɗe, naman da ke kewaye da ƙarfen ya yi baƙi-baƙi kamar an barbaɗa gawayi. Ya ciro guntaye biyun ya jefa a kwano, aka kawo mini baya. Na wanke, na sa gilashi. Ƙarƙashin kan kowane bis akwai ƙananan ramuka, kamar gara ta ci itace. Tsagewar ta taso ne daga ɗaya cikinsu. Na ɗauko sauran takwas da ke akwati na duba. Ramukan na nan, ƙanana ƙwarai, a ƙarƙashin ƙyallin.

Manjo ta dawo aiki a makon, tana dogara sanda. Ita na fara kai wa. Ta daɗe da gilashin a ido, sannan ta ce, "Mi kay yi musu?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Duka?"

Na ce, "Duka sha ɗaya."

Ta ce, "Ɗauki akwatin. Kai za ka hwaɗa ma Dokta da bakinka, ni rakiya zan yi."

Dokta Sani bai yi ihu ba. Ya saurara har na gama, ya sa aka nemo sunayen sauran biyun da aka sa wa, sannan ya jawo takarda ya zana mini abin da da na san shi tun farko da ban yi ba. Ya ce jiki ba ya ganin ƙarfe, fatar ƙarfe yake gani. Inokis da titan kowanne yana da wata fata da iska ke yi masa, siririya ƙwarai, ido ba ya kama ta. Ita ke tsakanin ƙarfen da jini. Kafin kaya su baro inda ake yin su, ana tsoma su cikin wani ruwa mai ci, ya cinye duk wani baƙon ƙarfe da ya manne, fatar ta kwanta sumul. Zabel yana huda fatar inokis. Soson ƙarfe kuma yana karce ta, ya dasa ɓurɓushin baƙin ƙarfe a cikin karcen. Jini ruwan gishiri ne mai ɗumi. In ya samu waɗannan ramuka sai ya yi ta ci, ƙwayoyin cuta su samu maɓoya inda magani ba ya kai, ƙarfen kuma ya raunana daga nan.

Na ce, "To titan fa, Dokta? Da fentinshi?"

Ya ce ba fenti ba ne. Fatar ce aka ƙara wa kauri da wutar lantarki, kaurin ke sa ido ya ga shuɗi ko kore, don a gane girman bis ba sai an auna ba. Ya ce fatar titan ta fi taurin kai, in an karce ta nan take take rufewa, shi ya sa ƙashi ke maƙale masa kamar nasa. Wani ma da gangan ake yi masa kaushi, a fesa masa yashi ko a shafa masa wani farin gari mai kama da ƙashi, don ƙashi ya samu wurin kamawa. Irin wannan in na goge shi ya yi santsi, na kashe shi. Ya ƙara da cewa, "Ba zan rantse ba cewa aikinka kaɗai ya karya shi. Mutumen ya taka ƙafar da wuri, hanya kuma ta yi nisa. Amma ramukan ga naka ne."

Aka zubar da takwas ɗin, a shekarar da babu wasu. Watanni muka yi in an kawo karayar cinya sai dai a rataya wa ƙafa nauyi mutum ya kwanta wata uku, ko masu hali su wuce Yamai. Sauran biyun aka nemo su. Ɗaya, ɗan kabu-kabu, ƙashinsa ya haɗe, aka cire masa ƙarfen da wuri ya tafi lafiya. Ɗayar, wata mata mai sayar da nono, ta sha allurai wata biyu kafin ciwon hannunta ya bushe. Ni kuma aka fitar da ni daga ɗakin baya, aka mayar da ni tura gado har wata shida.

Gadon da na fi turawa a watannin nan na Alkasum ne. Sau uku aka shiga da shi ana kankare ruɓaɓɓen ƙashi. Aka kafa masa ƙarafa daga waje suna riƙe da cinyar har ciwon ya bushe. Ƙanensa da ke jinyarsa ya koma ya dawo ya fi sau biyar, kowace dawowa da labarin abin da aka sayar ko ya mutu a garken. Alkasum ba ya ƙorafi. Da ya ji ni ɗan maƙera ne sai ya riƙa kirana Enad, wato maƙeri a harshensu. In na zo ɗaukarsa ya ce, "Enad, yau ma yanka?" In ce, "Yau wanki ne kawai."

A ƙarshe Dokta ya samo fulak na titan cikin wani akwati da wasu likitoci baƙi suka bari. Manjo da kanta ta wanke shi, ta sa na tsaya ina kallo, hannuna a baya. Wannan karon ƙashi ya kama. Amma abin da aka kankare ba ya dawowa. Ƙafar dama ta gajarce da santimita uku.

Ranar da za a sallame shi na same shi zaune a bakin gado yana naɗa rawani. Na ce ƙanensa ya fassara, don kada Hausa ta rage wani abu. Na gaya masa ƙarfen farko ni na ɓata shi, da yadda na yi, da cewa an hana ni kuma na yi. Ƙanen ya tsaya a tsakiya ya dube ni, na ce ya ƙarasa.

Alkasum ya gama naɗa rawaninsa tukuna. Sannan ya ce da Hausa, "Da gangan?"

Na ce, "A'a. So niy yi shi yi kyau."

Ya ce, "Wanga na yanzu, ka goge shi?"

Na ce, "Ban taɓa shi ba."

Ya ce, "To." Ya sauko da ƙafafunsa ƙasa, ya miƙe a kan sanda, ya dubi dunduniyar dama da ba ta kai daɓe ba. Ya tura mini takalminsa da bakin sandar. Ya ce, "Kai ka rage ta, Enad. Kai za ka cika ta."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Na ɗauki takalmin na tafi kasuwa, na samu robar taya, na yanka, na jera har kaurin ya kai, na fere gaban don kada ya riƙa tuntuɓe, wani baduku ya ɗinke mini. Da la'asar na kawo. Ya sa, ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya ce gefen waje ya yi tudu. Na koma na rage. Suka hau mota.

Da wata shidan suka cika Manjo ta mayar da ni ɗakin baya. Shekara goma sha tara na ƙara a ciki. Na ga kaya iri-iri sun shigo, zaren ɗinki da ke narkewa da kansa a cikin jiki, siminti na ƙashi, fulak da ke zuwa a naɗe daga inda aka yi shi, ba mai taɓawa sai likita. Duk wanda aka turo mini koyo, ba na ce masa don na ce. Ina zaunar da shi in zana masa fatar ƙarfe a takarda, in ba shi gilashi da guntayen nan biyu, waɗanda Dokta ya yarda na aje a kwalba. In injin tace ruwa ya mutu, ina zuwa ofis in ce aiki ya tsaya, in zauna a bakin ƙofa har a san abin yi. An kira ni mai taurin kai a kan haka, ba sau ɗaya ba.

Titan ɗin yana cinyar Alkasum har yau. An taɓa ɗaukar hoto, ƙashi ya hau kansa ya rufe rabi, Dokta ya ce a bar shi nan. Ya daina jan ruwa, 'ya'yansa ke yi, amma yana bin awaki. Ƙasar can duwatsu ne, roba ba ta wuce shekara. Duk bayan damina wani direban motar Takanamat yakan tsaya ƙofar gidana ya miƙo leda, takalmin dama ne a ciki, shi kaɗai, ba saƙo. Bana ma ya zo. Na yanka, na jera, na rage gefen waje, na ba direba ranar da zai koma.